Firenze: Birnin da Attajirai Suka Ƙawata Bangonsa, Talakawa Suka Tsara Girkinsa

Duk wanda ya zauna cin abinci a birnin Firenze na ƙasar Italiya, wanda masu jin Ingilishi ke kira Florence, abin da za a fara ajiye masa shi ne kwandon burodi. Da ya gutsura zai ji shi lami, babu ko ƙwayar gishiri. Baƙi da yawa kan zaci mantuwa ce ta mai gashi, alhali da gangan ne. Haka mutanen yankin Tuskani ke gasa burodinsu tun ɗaruruwan shekaru, har suna kiransa pane sciocco, wato burodi salam. A 2016 ma Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin abincin da doka ke kare sunansa da yadda ake yinsa.

Ana ba da labari biyu kan asalinsa. Wasu sun ce birnin Pisa, wanda ke riƙe da hanyar teku, ya taɓa datse wa Firenze gishiri a lokacin wata gaba tsakaninsu. Wasu kuma sun ce harajin gishiri ne ya yi wa talaka nauyi, ya haƙura da shi. Ko wanne aka ɗauka, tushen guda ne: rashi. Mawaƙin birnin mafi shahara, Dante, wanda aka kora daga garinsu a 1302, ya mayar da gishirin da ke cikin burodin wasu garuruwa alamar ɗacin zaman gudun hijira.

Abin lura shi ne, wannan burodi na marasa hali ana cinsa ne a inuwar gine-gine da zane-zane mafiya tsada da Turai ta mallaka. Baƙon da ya zo don kallo da ɗanɗano yakan ɗauke su a matsayin nishaɗi biyu daban, ɗaya na safe, ɗaya na rana. Amma tarihi ɗaya suke bayarwa daga ɓangare biyu. Bangon birnin yana nuna abin da masu hali suka yi da rarar dukiyarsu, tukunyarsa kuma tana nuna abin da marasa hali suka yi da ragowar da ta iso gare su. Wanda ya ga ɗaya ya bar ɗaya, rabin gari ya gani.

Inda kuɗin ya fito

Daga Roma jirgin ƙasa mai sauri kan kai mutum Firenze cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Tsohon garin ƙarami ne, ana ratsa shi da ƙafa cikin rabin awa, kuma kogin Arno ya raba shi biyu. Tambayar farko da ke zuwa wa mai tunani ita ce: ta yaya gari irin wannan, wanda ba shi da teku, ba shi da ma'adinai, ya tara abin da ya tara?

Amsar ita ce ulu da banki. Marubucin tarihin birnin, Giovanni Villani, ya rubuta cewa a wajajen 1338 akwai masaƙu fiye da 200 a garin, suna fitar da turmin yadi tsakanin 70,000 zuwa 80,000 a shekara, kuma mutum kusan 30,000 ne ke ci daga wannan sana'a. A 1252 birnin ya fara buga kuɗinsa na zinariya, fiorino, mai nauyin kimanin giram uku da rabi, wanda ya zama kuɗin da fatake ke amincewa da shi daga Landan har gabashin Bahar Rum. Masana tarihi na ganin kaso mai yawa na zinariyar da ke shiga Italiya a wancan zamani daga Afirka ta Yamma ya fito, ayari na ɗauko shi ya ratsa Sahara zuwa tashoshin Arewacin Afirka, inda 'yan kasuwar Italiya ke jira.

Mulkin gari yana hannun ƙungiyoyin masu sana'a ne, manya bakwai, ƙanana goma sha huɗu. Waɗanda suka fi kowa shan wahala, masu wanke ulu da shiɓarsa, ba su da ƙungiya, saboda haka ba su da murya. A 1378 suka yi bore, wanda tarihi ke kira boren Ciompi, har wani mai shiɓar ulu, Michele di Lando, ya hau kujerar shugabancin birnin. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su, kuma zuwa 1382 manyan attajirai sun dawo da komai hannunsu.  Abin da ya rage nasu shi ne irin abincin da suke ci.

Attajiran kuwa suna da tasu damuwar. Cocin Katolika ya haramta riba, kuma masu banki sun san haka. Dabarar da suka yi ita ce ɓoye kuɗin ruwa cikin canjin kuɗi: a karɓi fiorino a Firenze, a biya da wani kuɗi a Bruges ko Landan, ribar ta ɓace cikin bambancin farashi. Doka ta yi shiru, amma zuciya ba ta yi ba. Vespasiano da Bisticci, mai sayar da littattafai da ya san Cosimo de' Medici ido da ido, ya ruwaito cewa Cosimo ya kai kukan damuwarsa kan yadda ya tara wani ɓangare na dukiyarsa ga Fafaroma Eugenius na Huɗu, shi kuma ya ba shi shawarar kashe fiorino 10,000 wajen sake gina gidan 'yan zuhudu na San Marco. Abin da ya kashe a ƙarshe ya ninka haka. A yau baƙo na bi ɗaki-ɗaki a San Marco yana kallon zanen Fra Angelico mai sanyin launi a kowane bango, har ya iso ɗakin da aka ware wa Cosimo kansa don kaɗaita. Kyawun wurin na gaske ne, haka ma tsoron da ya biya kuɗinsa.

Rumbun da ya zama majami'a

Idan akwai gini ɗaya da ya haɗa labarin biyu, to Orsanmichele ne, a kan titin da ya taso daga babbar majami'a zuwa dandalin fadar gwamnati. Siffarsa kaɗai ta isa ta sa mutum tsayawa: dogo ne, mai kusurwa huɗu, bai yi kama da wurin ibada ba. Dalili kuwa shi ne, da aka soma gina shi a 1337, kasuwar hatsi aka nufa. Ƙasa rumfar ciniki ce, benaye biyu na sama kuma rumbun gwamnati ne, inda ake tara alkama saboda shekarar fari. Birnin ya ɗanɗani yunwa a 1329, ya kuma gane cewa garin da ya ƙoshi da zinariya yana iya kwana da yunwa idan ƙauye bai yi noma ba.

Daga baya aka toshe ƙofofin rumfar aka mayar da ita majami'a, amma hatsi ya ci gaba da zama a sama har 1569. Wanda ya shiga ya duba ginshiƙan da kyau zai ga ramuka a jikin wasunsu: ta nan ake zuro alkama daga bene zuwa ƙasa. A waje kuma akwai gurabu goma sha huɗu a jikin bango, aka raba wa ƙungiyoyin sana'a, kowacce ta kawo siffar waliyyinta. Gasa ta ɓarke. Masu banki da manyan dillalan yadi suka ɗauki Lorenzo Ghiberti ya zuba musu da tagulla, wadda ta ninka dutse tsada sau da yawa. Maƙeran sulke suka ɗauki Donatello. Mahauta ma suna da gurbinsu. A kan bangon rumbun hatsi ne sassaƙar Turai ta sauya fuska, jikin mutum ya soma tsayuwa kamar mai rai, nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, tufafinsa na bin gaɓoɓinsa.

Girki a saman ƙubba

Daga ko'ina a cikin gari ana hango jar ƙubbar majami'ar Santa Maria del Fiore. An aza harsashin majami'ar a 1296, kuma daga 1331 ƙungiyar masu ulu ce ke kula da aikin. Fiye da shekara ɗari bayan farawa, akwai rami mai faɗin kimanin mita 45 a samanta, wanda ba wanda ya san yadda za a rufe. Al'adar magina ita ce a kafa katakon tallafi a ƙarƙashi har gini ya bushe, amma katakon da zai isa wannan faɗi da tsawo ya fi ƙarfin aljihu da daji.

Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, ya ce zai gina ba tare da tallafin ba. Ya yi ƙubbar riɓi biyu, ta ciki mai kauri da ta waje mara nauyi. Ya jera jan bulo da wani salo mai kama da ƙayar kifi, yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Ya ƙera injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa, wanda ke hawa da sauka ba tare da an kwance dabbobin an juya su ba. An fara a 1420, aka gama a 1436, da bulo fiye da miliyan huɗu. Har yau babu ƙubbar bulo da ta kai ta girma a duniya.

Baƙon da ya hau matakala 463 da ke tsakanin riɓin biyu, yana haki, kafaɗarsa na gogar bango, shi zai fahimci wani ɗan bayani da Giorgio Vasari ya kawo a tarihin rayuwar Brunelleschi. Ya ce da ginin ya yi nisa, sauka cin abinci da sake hawa na cinye lokacin ma'aikata da ƙarfinsu, sai maginin ya sa aka buɗe wuraren girki da sayar da abin sha a can sama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai kuma wani farfesun naman sa mai yawan masoro da ake kira peposo, wanda ake dangantawa da masu gasa bulo na garin Impruneta, kudu da birnin. An ce sukan tura tukunyar nama mai arha bakin tanderun bulo ta yini tana dahuwa. Alaƙarsa da ginin ƙubbar labarin baka ne, amma girkin na nan a gidajen abinci, kuma yanayinsa ya nuna daga hannun wa ya fito: nama mai tauri, wuta ta aro, da haƙuri.

Ƙwai, kayan yaji da takardar cefane

Gidan zane na Uffizi, wanda ma'anar sunansa ita ce ofisoshi, Vasari ne ya soma gina shi a 1560 domin ma'aikatan gwamnatin Cosimo na Ɗaya. Yawancin masu shiga kan garzaya ɗakin Botticelli. Amma kafin a kai can akwai wani allo da ya cancanci a daɗe a gabansa, wanda Gentile da Fabriano ya kammala a 1423 bisa odar Palla Strozzi, ɗaya daga cikin mafiya arzikin birnin. Yana nuna sarakunan gabas uku da suka zo gaida jariri Isa da mahaifiyarsa Maryamu, da dawaki da dabbobin dawa na ado irin su damisa da birai a cikin ayarinsu, ga zinariya ta ko'ina. Wanda ya saba da rubutun Larabci ko ajami zai ji idonsa ya tsaya a kan da'irar hasken da ke bayan kan Maryamu: an zagaye ta da wasu haruffa masu kama da Larabci, ga alif ga lam, amma ba su karantuwa. Mai zanen ya kwaikwayo su ne daga tasoshin tagulla da yadudduka na Masar da Sham, waɗanda a idon Bafirenze na lokacin su ne ƙarshen daraja.

Kayan aikin zanen kansu daga kicin da kantin magani suka fito. Masu zane a Firenze ba su da ƙungiyar kansu a farko, suna ƙarƙashin ƙungiyar likitoci da masu sayar da magunguna da kayan yaji ne, domin a kanti ɗaya ake sayen masoro, kirfa da garin launi. Shuɗin da ake yi wa mayafin Maryamu daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan, tsadarsa kuma na gogayya da zinariya. Abin da ke riƙe launin a jikin allo kuwa gwaiduwar ƙwai ce. Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da sana'ar a wajajen 1400, har bambantawa ya yi: gwaiduwar kazar birni, da yake ta fi haske, ita ta dace da fuskar matasa, ta kazar ƙauye mai ja kuma a bar wa fuskar tsofaffi.

Su kansu gwanayen ba cin sarakuna suke yi ba. A gidan tarihi na Casa Buonarroti ana ajiye da wata takarda ta 1518, inda Michelangelo ya rubuta jerin cefane a bayan wata wasiƙa, ya kuma zana kowane abu a gefensa, ana jin don ɗan aiken da bai iya karatu ba. Abin da ke ciki: burodi, kifi mai gishiri, ganye, miya, tulun ruwan inabi. Wannan shi ne mutumin da tun yana ɗan shekara 26 ya karɓi wani dogon farin dutsen marmara da aka yi watsi da shi shekaru da dama, ya fitar da siffar nan mai tsawon fiye da mita biyar da ake kira David, wadda birnin ya kafa a ƙofar fadar gwamnati a 1504 a matsayin alamar ƙaramin gari da ya tsaya wa manya. Wani mai zanen kuma, Pontormo, ya riƙa rubuta abin da ya ci kowace rana daga 1554 zuwa 1556, lokacin da yake aiki a majami'ar San Lorenzo: yau ƙwai, gobe kan ɗan akuya, jibi azumi saboda ciwon ciki. An rushe zanen da ya yi wa wannan wahala a ƙarni na 18. Littafin abincinsa ne ya tsira.

Har wuraren cin abinci sun zama gidajen zane. A ɗakunan cin abinci na gidajen zuhudu an saba zana jibin ƙarshe na Isa da almajiransa a bangon ƙarshe, domin masu ci su ji kamar tebur ɗaya suke. Na Andrea del Castagno a Sant'Apollonia da na Domenico Ghirlandaio a Ognissanti, wanda aka yi a 1480, suna nan a inda aka zana su, kuma sau da yawa baƙo kan tarar da ɗakin shiru, shi kaɗai da mai gadi.

Gadar da aka kori mahauta

Ponte Vecchio, tsohuwar gadar da aka gina a 1345, ita kaɗai ce sojojin Jamus ba su tarwatsa ba da suke janyewa a Agustan 1944. A yau gefenta biyu shagunan zinariya ne. Da can kuwa kasuwar nama ce. An tara mahauta a kanta ne domin su riƙa zubar da jini da ƙazantar yanka kai tsaye cikin kogi. A 1565 Cosimo na Ɗaya ya sa Vasari ya gina masa rufaffiyar hanya ta sama, mai tsawon kusan kilomita ɗaya, daga fadar gwamnati, ta bi ta kan shagunan gadar, zuwa fadar Pitti a tsallaken kogi, domin ya riƙa wucewa ba tare da ya haɗa kafaɗa da jama'a ba. Sai dai wari ba ya sanin sarauta. A 1593 ɗansa Ferdinando na Ɗaya ya ba da umarnin a tashi mahautan, a maye gurbinsu da maƙeran zinariya.

Mahautan sun bar gadar, amma abincin da ke fitowa daga hannunsu bai bar gari ba. Idan aka yanka sa, tsoka ta tafi gidan masu hali, kayan ciki kuma su tsaya a titi. Daga nan aka sami lampredotto, wanda shi ne abincin titi na Firenze na asali. Kashi na huɗu ne na tumbin saniya, a dafa shi ya yi laushi cikin romo da albasa, tumatir da ganyen ƙamshi. Mai sayarwa, daga cikin 'yar rumfarsa ta kan titi, zai tsamo shi ya yayyanka a kan katako, ya zuba cikin ɗan burodi da ya tsaga biyu, ya sa gishiri da masoro da wani koren haɗi na ganye da man zaitun, da yaji ga mai so, sannan ya tsoma murfin burodin cikin romo kafin ya rufe. An ce sunan ya samo asali ne daga wani dogon kifi mai tsada da a da ake kamawa a Arno, wanda talaka bai isa ya saya ba, sai ya laƙaba sunansa a kan abin da ya iya saye. A tsaye ake ci, romo na bin yatsu, kuma a layin ana ganin magini da lauya da ɗalibi.

A ɗaya gefen akwai bistecca alla fiorentina, gasasshen naman gadon baya da ƙashinsa, mai kaurin yatsu uku zuwa huɗu, wanda kan haura kilo guda. A kan garwashi ake gasa shi na 'yan mintoci, a bar cikinsa ja, kuma neman a ƙara gasa shi kan jawo kallon mamaki daga mai hidima. Asalinsa daga fararen shanun Chianina ne, waɗanda ke cikin mafiya girma a duniya. Da aka hana sayar da shi da ƙashi a 2001 saboda cutar haukan shanu, wani mahauci a garin Panzano, Dario Cecchini, har jana'iza ya shirya masa. Wannan nama shi ake tallatawa a tagogin gidajen abinci, amma a tarihin yawancin mutanen gari abincin biki ne. Dabba ɗaya ce ta ba da bistecca da lampredotto, rabon ne ya bambanta.

Ɗumamen Tuskani

A cikin miya ne hikimar burodi lami ke bayyana. Da yake ba shi da gishiri, yakan bushe da wuri ya yi tauri, kuma idan aka jiƙa shi ba ya zama kunu, yana riƙe jikinsa. Gidan da ba ya zubar da abinci sai ya gina girki a kansa. Ribollita, wadda ma'anar sunanta ita ce wadda aka sake tafasawa, ɗumame ce a zahiri: miyar farin wake da wani baƙin kabeji mai dogon ganye, a jera busasshen burodi a ciki, a bar ta ta kwana, washegari a mayar kan wuta, a zuba ɗanyen man zaitun a kai. Kamar kowane ɗumame, ta fi daɗi a rana ta biyu. Da zafi kuma akwai panzanella, jiƙaƙƙen burodi da albasa da tumatir, sai pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir.

Sai dai kada a ɗauka duk wannan shi Michelangelo ya ci yana yaro. Tumatir da wannan nau'in wake daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Ɗaya daga cikin ambaton tumatir na farko a Italiya yana cikin wata wasiƙa ta 31 ga Oktoban 1548, inda mai kula da gidan Cosimo na Ɗaya ya sanar da isowar kwandonsa daga wata gonar sarki. An daɗe ana kallonsa a matsayin abin ado kafin ya shiga tukunya. Abin da ya tsufa a girkin Tuskani shi ne ɗabi'ar tattali, kayan haɗin kuwa sun yi ta sauyawa.

Baƙon da ba ya cin naman alade ko abin da aka dafa da giya yana bukatar tambaya, domin peposo da jan ruwan inabi ake dafa shi, wasu kuma kan jefa ƙashi ko kitsen alade cikin ribollita don ɗanɗano. Kalmomi biyu na taimakawa: maiale, alade, da senza, ban da. Sa'ar da aka yi ita ce girkin marasa hali ya fi dogara da wake, ganye, burodi da man zaitun, saboda haka zaɓi ba ya ƙarewa.

Wasiyyar 1737 da abin da ta haifar

Dalilin da ya sa duk waɗannan kayan tarihi ke Firenze har yau, ba a Vienna ko Paris ba, mace ɗaya ce. Da zuriyar Medici ta zo ƙarshe, mulkin Tuskani ya koma hannun gidan Lorraine, Anna Maria Luisa de' Medici ta sa hannu a wata yarjejeniya a 1737. Ta miƙa duk abin da danginta suka tara ga sababbin masu mulki, bisa sharaɗin kada a fitar da komai daga birnin da ƙasarsa, ya zauna don ƙawata ƙasa, amfanin jama'a, da jawo sha'awar baƙi.

Sharaɗi na uku ya cika har ya yi ambaliya. Birnin na da mazauna kimanin 360,000, amma a 2023 kaɗai Uffizi da fadar Pitti da lambun Boboli sun karɓi baƙi fiye da miliyan biyar. Masu gidaje a tsohon gari sun gano cewa hayar kwana uku ga baƙo ta fi hayar wata ga ɗan gari, sai iyalai suka yi ta komawa bayan gari. Inda mazauna suka tashi, mai gasa burodi da mai kayan miya kan bi su. Hukumar birnin ta yi ta ƙoƙarin tare ruwan. A 2016 ta hana McDonald's buɗe shago a dandalin babbar majami'a. A 2018 ta sa tarar da ta kai yuro 500 ga mai tsayawa cin abinci a bakin wasu tituna huɗu kusa da Uffizi a lokutan cin abinci. A 2023 majalisar birnin ta amince da hana sababbin gidajen hayar gajeren zango a tsohon gari, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1982. Akwai abin tunani a dokar 2018: garin da abincinsa na asali a tsaye ake cinsa a titi ya kai ga cin tarar masu ci a titi.

Ana ganin sauyin a kasuwanni biyu. Babbar kasuwar San Lorenzo, ginin ƙarfe da gilashi na 1874, an mayar da benenta na sama dandalin cin abinci a 2014, kuma harsunan da ake ji a can na duniya ne. Kasuwar Sant'Ambrogio ta gabashin gari kuwa har yanzu da safe ana ganin tsofaffi da jakunkunan cefane suna taɓa kabeji, suna musu da mai wake. Nisan da ke tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce.

Firenze ta nuna wa duniya cewa ta iya ceton zane. Ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya cika ya tumbatsa, ruwa ya haura mita shida a wasu sassan unguwar Santa Croce, mutum 35 suka rasu a birnin da kewayensa. Matasa daga ƙasashe da dama suka zo suna tsamo littattafai da alluna daga taɓo, har aka yi musu laƙabi da mala'ikun laka. Wani babban allon jibin ƙarshe da Vasari ya zana a 1546, wanda ya sha ruwa na sa'o'i, sai da aka shekara hamsin kafin gwanayen gyara su mayar da shi Santa Croce a 2016, an kuma ɗaura shi a kan na'urar da za ta ɗaga shi sama idan ruwa ya sake zuwa.

Girki ba ya karɓar irin wannan ceto. Ba a rataye ribollita a bango, ba a sa ta cikin gilashi. Tana rayuwa ne muddin akwai gidan da burodi ya kwana a cikinsa, da wanda zai ji nauyin zubar da shi. Idan unguwa ta zama masaukin baƙi zalla, sunan miyar zai ci gaba da fitowa a takardar gidajen abinci da harsuna biyar, amma dalilin yinta ya tafi. Baƙo ba shi da ikon gyara dokar haya, sai dai yana da zaɓin inda zai kwana, inda zai ci, da tsawon lokacin da zai ba gari. Wanda ya ba shi kwana huɗu maimakon awa shida, ya tsallaka kogi zuwa unguwannin masu sana'ar hannu, ya sayi abincin rana a hannun mai rumfar da ke ciyar da maƙwabtansa, ya taimaka wa rabin Firenze da wasiyyar 1737 ba ta ambata ba.